Malam Ba-Zama da Tagwayen Injin Zuciya

Lokacin da na fara aiki a ɗakin wanki da guga na asibitin nan, ban daɗe da fita takaba ba. Dutsen gugar da aka ba ni yana da mugun hali. In na kama shi da danshi a hannu, sai in ji wani abu ya tsarga mini tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ban gaya wa kowa ba. Sabuwa ce ni a wurin, ga marayu a gida, ina gudun a ce daga zuwana na fara ƙorafi. Sai in naɗe hannu da tsumma, in yi bisimilla, in ci gaba da aikina.

Ran nan da hantsi wani mutum ya gilma ta bakin ƙofa kamar an biyo shi. Har ya wuce, sai ga shi ya dawo da baya.

"Yaya, lafiya kike riƙe da dutsen nan kamar mai riƙe da kunama?"

Na ce, "Lafiya lau, Malam."

"Ba lafiya ba. Ajiye."

Ya zare filogi daga bango, ya fiddo sukudireba daga aljihun gaba, ya kwance bayan dutsen yana tsaye. Ya nuna mini wata waya da rigarta ta zame, tana taɓa ƙarfe. Ya yanke, ya feƙe, ya ɗaura, ya mayar da murfi.

"Tun yaushe yake jan ki?"

"Tun da na zo."

Ya girgiza kai. "Haƙuri da mutane ibada ne, Yaya. Haƙuri da wuta kuwa ganganci ne."

Kafin in haɗa kalmar godiya har ya sha kwana. Abokiyar aikina ce ta ce mini, "Kada ki damu, haka yake. Shi ne mai gyaran injunan asibiti. Malam Ba-Zama kenan."

Sunan ya bi shi da gaskiya. Siriri ne, dogo, aljihunsa kullum a cike da ƙarafa, in yana tafiya kana jin su suna caccaka kafin ka gan shi. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake cin burodi, in ana masa magana ƙafa ɗaya tana waje. Masu gadi suna cewa in ban da zaman tahiya, babu mahalukin da ya taɓa ganin sa zaune. Akwai kujera a ɗakin gyaransa, amma wani tsohon injin awon jini ne ya mallake ta, shekara da shekaru.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, kantoci har sama, gwangwanayen madara cike da kusoshi da ƙananan kayan wuta, ga matattun injuna jingine da juna kamar marasa lafiya a layin ganin likita. Warin dalma da yake liƙi da ita ya kama labule, ya kama bango, ya kama rigarsa.

Yadda aka yi na zama mai shiga ɗakin kuwa, ga shi. Masu irin sana'arsa suna da ƙa'ida: ba a buɗe injin da ke tara wuta mutum yana shi kaɗai. Dole a sami wani ya tsaya daga bakin ƙofa da busasshiyar sandar katako, in wuta ta riƙe mai gyara, a ture shi da ita, kada a taɓa shi da hannu. Ya gwada mai gadi, ran da wani abu ya yi ƙara mai gadi ya yar da sanda ya ranta a na kare. Ya gwada masinja, shi kuma surutu ya hana shi aiki. Sai ya leƙo wurinmu.

"Yaya, ke na ga ba kya firgita, ba kya magana. Kina da sandar goge ƙasa wadda ba ta jiƙe ba?"

Na ce ina da ita.

"To in kin ga na ƙame ina rawa, ba murna nake ba. Ki make ni da ita iya ƙarfinki, na yafe miki duniya da lahira."

Tun daga nan duk sanda zai taɓa babban inji sai ya ƙwanƙwasa bango, in kashe dutsen guga, in ɗauki sandata in je in tsaya ina salati a zuci. Ban yi zurfi a boko ba, amma mai tsayuwa a bakin ƙofa yana ganin abubuwa.

A cikin duk injunan asibitin akwai wanda ya fi ji da shi, injin tada zuciya. Yana kan wani teburi mai taya a ɗakin masu ciwon zuciya, da wasu faifai biyu masu mariƙi kamar ƙananan dutsen guga. In zuciyar mutum ta rikice ta daina bugu na ƙwarai, sai injin ya tara wuta, a ɗora faifan a ƙirji, a sake ta gaba ɗaya, ko Allah zai sa zuciyar ta dawo hanya. Guda ɗaya tak muke da shi. Asibitin da ke da wani yana da nisa, kuma hanyar ba ta mai gaggawa ba ce.

Ba don aiki kawai yake ji da injin ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Tagwaye, tana da ciwon zuciya. Mace ce mai jiki, mai dariya, duk abin da shi ba shi da shi na natsuwa ita aka ba. Likita ya riga ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye, irin ciwonta wata rana zuciyar na iya rikicewa farat ɗaya, kuma in hakan ta faru, bayan ikon Allah, wannan injin ne abin da za a kama.

To wannan injin ne ya lalace.

Da safe nas-nas sukan gwada shi. Ran nan suka gwada, ya yi wani tas a ciki, ya tashi hayaƙi siriri, ya ƙi sake tara wuta. Malam Ba-Zama ya turo shi ɗakinsa da gudu, ya ƙwanƙwasa mini bango. Da ya buɗe, ya ciro wasu abubuwa biyu, kowanne kamar yatsa, ɗaya ya tsage biyu, ɗayan ya yi baƙi.

"Rizista ake ce musu," in ji shi. "In an tara wuta ba a kai ga sa wa mutum ba, dole ta sami inda za ta zube. Cikin waɗannan biyun take zubewa, su shanye ta. In babu su, injin ba zai yarda ya tara ba, kuma gara da ya ƙi."

Na ce, "To ba sai a sayo wasu ba?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Sai a sayo, Yaya."

Ya rubuta wa ofis a kawo sabon inji, aka ce ana kan magana. Ya nemi kamfanin da ya ƙera shi, aka ce sun daina yin irinsa tuntuni. Ya manna jan salatif a jikin injin, alamar kada kowa ya taɓa, ya shiga nema.

In da can ba ya zama, yanzu ko tsayuwar ma ta gagare shi. Da sassafe yana layin masu sayar da kayan rediyo, da rana yana wurin masu fasa tsofaffin injuna, ya dawo da ƙura har gira, waya a kunne, yana zagaya tsakar asibiti yana faɗa wa wani lamba yana maimaitawa. Mai sito, bawan Allah, ya so taimako, ya kawo masa kwali guda cike da rizistoci, lambar da ke jikinsu daidai da ta waɗanda suka ƙone. Wani ɗan kasuwa ya kawo manya, farare, masu kyan gani, ya ce ai waɗannan sun ma fi na asali ƙarfi, a duba lambar.

Malam yana da wata al'ada ta aiki wadda ba ya karyawa. Duk abin da zai shiga injin da ake jingina rai da shi, sai ya samo fiye da buƙata. Ya ware ɗaya, ya yi ta dukan sa da wuta, yana ƙarawa yana ƙarawa, har sai ya mutu. Daga inda ya mutu yake sanin ƙarfin 'yan'uwansa. Yakan ce, "Wanda ban ga mutuwar ɗan'uwansa ba, ban san shi ba." Yana da wani akwati da ya haɗa da hannunsa daga kayan matattun injuna, da abin murɗawa na ƙara wuta da maɓalli ɗaya ja. Akwatin duka yake ce masa.

Na tsaya da sandata muka fara. Na mai sito, bugu ɗaya ya tarwatse, ɓarɓashinsa har kan zanena. Na ɗan kasuwa ya ɗauki na fari, ya ɗauki na biyu. Malam ya fara murmushi. Ni kuwa sai na ji wani wari, irin wanda ke tashi daf da zane zai ƙone a ƙarƙashin dutse, tun bai canza launi ba.

Ban saba sa baki ba, amma na ce, "Malam, yana ƙauri."

"Ban ji ba."

Ya danna. Abin ya tsage daga sama har ƙasa.

Ya juyo ya dube ni da kyau. "Kin ji shi tun bai fashe ba?"

"Mai guga da hanci take ci, Malam. In na jira sai na gani, zanen asibiti ya tafi."

"Ni nawa hancin hayaƙin dalma ya kashe shi tun ina saurayi," in ji shi. "Daga yau ki matso kaɗan. Amma kada ki saki sandar."

Na tambaye shi yadda aka yi lamba ɗaya, girma ma ya fi, amma abu ya ƙi. Yana tattara ɓarɓashi yana ba ni amsa, bai ko ɗago ba.

"Lambar nan tana faɗin zafin da zai iya ɗauka a hankali, yini guda, kamar dutsenki. Injin nan kuwa ba a hankali yake bayarwa ba. Wutar duka yake juyewa kafin ƙiftawar ido. Waɗannan a cikinsu siririyar waya ce aka nannaɗe, ko wani fenti-fenti aka shafa. In wuta ta zo gaba ɗaya sai ta sami wuri mafi siranta ta huda. Wanda nake nema jikinsa duka cure yake, ko'ina yana ɗaukar rabonsa."

Na ce, "Kamar kofin gilashi da tukunyar ƙasa. Ka juye tafasasshen ruwa a kofi ya tsage, tukunya ko a jikinta."

"To ai kin gama makarantar. Tukunyar ƙasa nake nema, kowa kofi yake kawo mini."

Haka muka yi ta yi. A kawo, a doka, ya fashe. Har ni rashin zaman ya shafa. In ina guga kunnena yana bango. In na idar da salla sai in tsinci kaina ina roƙon Allah ya kawo rizista, abin da watanni kaɗan baya ko sunansa ban sani ba. Duk sanda na ji an turo gado da gudu a baranda sai gabana ya faɗi.

Ana cikin haka ƙafafun Uwar Tagwaye suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, aka ba ta gadon kusa da taga. A ɗakin masu ciwon zuciya, daidai kusa da inda teburin injin yake tsayawa da. Wurin yana nan fayau, sai sawun taya a ƙasa. Duk shigowar da Malam zai yi sai idonsa ya fara sauka a wurin kafin ya sauka a kanta.

Na kai zannuwan gado wata rana na tarar da su. Yana tsaye a kanta, yana gyara wayar fanka da ba ta lalace ba.

"Baban Tagwaye, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri," in ji ta. "Yaya, ki gaya masa. Ni ce marar lafiya, shi ne ke ramewa."

"Zan zauna."

"Yaushe? Tun ranar da aka kawo ni gidanka kake cewa za ka zauna."

"In na gama da injin."

"Injin nan dai. Ni da na san da shi za a haɗa ni, da na nemi mai gyaran keke. Shi ko ba komai a zaune yake aikinsa."

Matan da ke sauran gadajen suka yi dariya. Shi ma ya yi, amma hannunsa na cikin aljihu yana juya sukudireba.

Daga ƙarshe wani tsohon abokinsa, wanda suka koyi sana'a tare, ya kira shi. Yana gyara a wata ma'aikata mai manyan injunan wuta a can wani gari. Ya ce ya tono wasu biyu a ƙasan durowa, irin curarrun nan, ba a taɓa sa su ba, amma sun daɗe a ajiye kuma ba wata takarda tare da su. Ya ba direban mota ya kawo. Malam ya yini a tasha yana zarya. Ya dawo da ƙaramin ƙunshi a tafin hannu, ya kwance a gabana. Wasu baƙaƙe ne masu nauyi, ba kyan gani, kamar gutsuren gawayi da aka goge.

"Su ne?" na ce.

"Sun yi kama da su."

"Alhamdu lillahi."

"Biyu ne, Yaya."

Sai a lokacin na gane. Rizista biyu injin yake ci. Biyu aka kawo. Ko na rantsuwa babu na uku. In ya kashe ɗaya don ya san ƙarfinsu, saura ɗaya, injin yana nan a mace. In ya sa su duka bai gwada ba, ya sa abin da bai sani ba a injin da za a ɗora a ƙirjin matarsa.

Labari ya kai kunnen Babbar Nas, ta zo da kanta har ɗakin gyara. Mace ce mai tsare gida, amma ba muguwa ba, ɗaki guda na masu ciwon zuciya ne a wuyanta.

"Malam, na ji kaya sun iso. Yau zan ga injina?"

"Sai na gwada, ranki ya daɗe."

"Gwajin naka na sani. Duk abin da ya shiga akwatin nan gawarsa ke fitowa. Ka auna da mita mana, in lamba ta yi daidai ka sa."

"Na mai sito ma lambarsu daidai ce a mita."

"To ni me zan ce wa mutane in wani ya faɗi yau? In ce mai gyara yana da ƙa'ida? Ba don kowa ba, ko don wadda ke kwance a gadon kusa da taga."

Ya naɗe ƙunshin a tafin hannunsa. Ta dube shi, ta dube ni da sandata, ta sassauta murya. "Ni dai na faɗi nawa. Allah ya ba ka sa'a."

Ya ɗauki ƙunshin ya tafi wurin matarsa, na bi shi da zannuwa don in sami dalilin shiga. Ya zayyana mata komai, har da abin da bai kamata a gaya wa marar lafiya ba. Ta karɓi rizistocin ta jinjina su a hannu.

"Wato su ma tagwaye ne. Kuma so kake ka kashe Hassan don ka san ƙarfin Usaini."

"Haka ake yi."

"Allah na gode maka da ba haka ka yi da nawa ba." Ta mayar masa. "Ni ban san wuta ba, Baban Tagwaye. Amma ka daina dubana kamar yau zan tafi. Je ka yi abin da za ka iya kwana da shi."

Bayan azahar ya ƙwanƙwasa bango. Na kashe dutse na ɗauki sanda. Ya ɗaura ɗaya daga cikin biyun a akwatin duka. Ya murɗa daidai wutar da injin ke juyewa. Ya yi bisimilla a fili, ya danna.

Tum. Abin yana nan yadda yake.

"Yaya?"

Na matso na shaƙa. "Babu."

Ya sake. Ya sake. Ya yi ta yi a jere ba hutu, kamar yadda za a yi in rana ta ɓaci. Ya taɓa da bayan yatsa, ya auna da mita, ya zagaya ɗakin, ya dawo. Ya ƙara wuta ta wuce abin da injin zai taɓa bayarwa. Tum.

"Yaya?"

"Ɗumi kawai, Malam. Babu ƙauri."

Ya ƙara. Nan ma babu. A nan ne duk sauran suka daɗe da mutuwa. Na ga fuskarsa ta saki, sai kuma ta sake ɗaurewa, don hannunsa ya riga ya koma kan abin murɗawa da kansa. Shekaru ya yi yana haka, bai taɓa tsayawa a tsakiya ba. Na san so yake ya ga ƙarshensa. Bakina ya cika da magana, amma ba hurumina ba ne. Na ƙanƙame sanda ina ta hasbunallahu.

Sai muka ji taya a baranda. Da gudu, ana turo wani abu, ya nufi ɓangaren masu ciwon zuciya. Malam ya ƙame. Ni kaina na ɗauka wuta ce ta riƙe shi, har na ɗaga sanda. Ya yi tsalle ya leƙa ta taga. Abokiyar aikina ce, ta makara da kai wanki, take tura kekenta da sauri.

Ya daɗe a jikin tagar. Da ya juyo, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya kashe akwatin, ya sauke wutar da ta rage, ya kwance rizistan ya riƙe shi a tafin hannu.

"Yau na karya dokata," in ji shi. "Ban san inda zai mutu ba. Na dai san bai mutu a nan ba."

Na ce, "Mu ma ai haka muke, Malam."

Kafin la'asar ya liƙa su biyun a cikin injin, wanda ya sha duka da wanda bai sha ba. Ya gwada, injin ya yi kukansa siriri kamar na sauro, ya tara, ya juye, lafiya. Ya ɓare jan salatif ya manna kore, ya tura teburin da kansa har wurinsa. Babbar Nas ta gyara wa injin mayafinsa. Uwar Tagwaye ta ce, "To ga amininka ya dawo, sai ka zauna." Bai zauna ba.

Hankalinsa bai kwanta ba ko kaɗan. Kullum da safe in nas-nas sun gama gwaji sai ya zo ya ɗauke ni daga kan guga, in je in kai hanci wurin ramukan iska da ke bayan injin. Nas-nas har suna mana tsiya, wai ga likitar hanci ta iso. Ya ci gaba da neman wasu, don ya sami na kashewa. Ba a samu ba.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, ina tafe a baranda da zannuwa a ka. Na ji an ƙwala kira, nas-nas suka wuce ni da gudu, likita a bayansu. Aka fito da masu jinya aka ja labule. Malam ya ɓullo daga wani lungu, ya zo bakin ƙofa, ya kasa shiga. Gadon kusa da taga ne.

Muka ji kukan sauron nan yana hawa. Muka ji Babbar Nas ta ce, "Kowa ya matsa!" Sai tum. Shiru. Kukan ya sake hawa, ya tsaya, aka ce a dakata, sai muka ji an juye wutar a cikin injin ba a sa mata ba. Malam ya runtse ido, don ya san inda ta zube. Kukan ya sake tashi. Da tagwayen sun gaza, da bai tashi ba.

"Kowa ya matsa!"

Malam ya jingina da bango, ya sulale a hankali har ƙasa. Ya zauna, ƙafafu a miƙe, ƙarafan aljihunsa suka zube a siminti bai ko duba ba. Na sauke zannuwana na tsaya kusa da shi. Ban san abin da na karanta ba a lokacin, Allah dai ya sani.

Can Babbar Nas ta ɗaga labule, hularta a karkace. "Ta dawo, Malam."

Bai motsa ba. Mai gadi da ya zo wucewa ya tsaya baki buɗe, ya ce, "La ilaha illallahu, yau na ga Ba-Zama a zaune." Sai da aka jima Malam ya ɗago ya dube ni, idonsa jajir.

"Yaya, shiga ki sansana mini."

Na shiga. Uwar Tagwaye tana kwance ido a lumshe, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Na zagaya bayan injin na shaƙa. Warin magani, warin gumin mutane. Babu ƙauri.

Inji ba ya ƙara wa kowa kwana, wannan na sani, shi ma ya sani. Amma in da sauran kwana, ta wata hanya Allah ke kawo shi, kuma na ga hanyar da idona. Uwar Tagwaye ta tashi. Ba da daɗewa ba Malam ya ajiye aiki, ya tafi da ita garin da 'yarsu take aure, kusa da babban asibiti. Ta ga jikanta ya fara tafiya. Daga baya aka aiko mana cewa ta rasu a gida, cikin barci, inda ba inji ba likita. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Shi kuwa an ce yana nan, yana gyara wa maƙwabta fanka da rediyo, a tsaye.

Wadda ta gaje shi a ɗakin gyara mace ce mai hankali, ta san aikinta, ita ma tana ta bin ofis a kan sabon inji. Har yanzu ana kan magana. Tagwayen nan suna ciki, wanda ya sha duka da wanda bai sha ba, kuma ba wanda ya san inda ƙarfinsu ya tsaya.

Ranar da zai tafi ya leƙo ɗakin guga, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a waje kamar kullum. Ya duba wayar dutsena, ya ja ta ya ga ba ta motsi.

"Yaya, wata alfarma zan roƙa."

Na ce, "Faɗi, Malam."

"Duk safiya in sun gwada injin nan, ki bi ta wurin ko ba a kira ki ba. Ki kai hancinki bayansa. Ranar da kika ji ƙauri, ko kaɗan ne, ko ke kaɗai kika ji, kada ki naɗe hannu da tsumma ki yi shiru irin na wancan karon. Ki ajiye kunyar nan taki a nan kan tebur, ki je ki faɗa da ƙarfi, har sai an manna masa ja."